Baturiya na son musulunta, iyayenta sun ce hijabi kurkuku ne

Maman Hanifa, Agege: Assalamu alaikum. Wata baturiya 'yar Ingila da ke aiki a Ikeja tana son karɓar Musulunci, amma iyayenta sun tsorata ta, wai hijabi kurkuku ne da maza ke ƙaƙaba wa mata. Ta ina ake farawa da ita, kuma me za ta ce musu?

Malam Sani, Idi-Araba: Wa alaikumus salam, Hajiya. A fassara mata kalmar shahada ta fahimta kafin ta furta, sannan ta yi wanka. Shaidu ba sharaɗi ba ne, amma gara a yi a gaban liman a karɓo mata takardar musulunta, don za ta yi amfani wajen ɗaurin aure ko bizar Umara. Sauya suna ba dole ba ne, sai in ma'anarsa ta saɓa wa tauhidi. Inda muke ɓata lamari shi ne tun ranar farko a jibga mata hijabi har ƙasa, a raɗa mata A'isha, a nesanta ta da iyayenta, alhali ko Fatiha ba ta iya ba. Abin da iyayen ke tsoro ke nan, mu kuma mun gaskata shi. Alwala da salla tukuna. Ayar lulluɓi, ta 31 a Suratun Nur, a Madina ta sauka, shekaru bayan an farlanta salla.

Barista Hauwa, Obalende: Malam ya yi gaskiya. Amsar iyayen kuwa tana nan Legas. Ɗalibai mata ne suka kai gwamnatin jiha ƙara don an hana su hijabi a makarantun gwamnati. Babbar kotu ta kayar da su a 2014, kotun ɗaukaka ƙara ta ba su gaskiya a 2016, Kotun Ƙoli ta tabbatar a Yunin 2022, bisa sashe na 38 na tsarin mulki, wanda ya ba da 'yancin addini. Wanda aka tilasta wa abu ba ya shekara takwas a kotu yana nemansa. Faransa kuma tun 2004 ta hana shi a makarantun gwamnati. Sai dai kar baturiyar ta musa cewa akwai tilas a Iran. Iyayenta sun san labarin Mahsa Amini, matashiyar da ta rasu a hannun 'yan sandan Iran a 2022 bayan an kama ta kan hijabi; in ta musa ba za su ƙara sauraron ta ba.

Anti Rabi, Mile 12: Hajiya, a kula da yadi. Na roba yana riƙe gumi a zafin Legas, ya kawo ƙuraje da ƙaiƙayin kai. A saya mata gyalen auduga mara nauyi guda uku da hular ciki, kuma kar ta rufe gashi yana jiƙe bayan wanka.