Neman shawara: jarumin da ke raina mata, amma labarin bai goya masa baya ba

Maman Ilham: Salamu alaikum 'yan zaure. Babban ɗana ya faɗa wa littattafan zanen nan na Marvel da DC gadan-gadan, ni kuma ban san kansu ba. Wanda nake nema shi ne wanda jarumin yake da halin raina mata, amma labarin ya san aibi ne, ya ji kunya ko ya gyara. Ban ce a kawo min wanda kowa waliyyi ne a ciki ba, yaron ba zai karanta ba.

Sadiq DC: Wa alaikumus salam Anti. Justice League na 1987, labarin ƙungiyar jaruman DC, wanda Giffen da DeMatteis suka rubuta. Ki nemi Guy Gardner a ciki. Magana ta ƙare.

Ɗan Autan Zaure: Naushi ɗaya 😂😂

Sadiq DC: Fitowa ta 5 kenan. Mutumin ya cika kowa da baki, Batman ya shimfiɗe shi da hannu guda. Black Canary ta shigo bayan an gama, tana ta takaicin abin ya wuce ta.

Hauwa'u: Sadiq ka faɗi gaskiya mana. Ba don mata aka naushe shi ba, shugabancin ƙungiya ya so ya ƙwace daga hannun Batman. Abin da yake yi wa mata kuwa abin dariya aka mayar da shi.

Sadiq DC: Amma shi ake yi wa dariyar, Yaya Hauwa. Babu yaron da zai gama littafin nan ya ce yana so ya zama Guy.

Malam Bala: Hajiya, kafin ki sayi komai ki saurare ni. Kwanakin baya wani mai sayar da littattafan gwanjo ya haɗa min damin tsofaffin littattafan Avengers, ƙungiyar jaruman Marvel, ya yi ta rantsuwa cewa duk na yara ne. 'Yar yayata na saya wa. Allah Ya sa na zauna bayan isha ina dudduba su, sai na ci karo da fitowa ta 200, ta 1980.

Ga abin da ke ciki, ku yi haƙuri da ni. Carol Danvers, wadda a lokacin ake kira Ms. Marvel, ta wayi gari da cikin da ba ta san asalinsa ba. Cikin 'yan kwanaki ta haihu. Jaririn ya girma ya zama saurayi nan take, ya ce sunansa Marcus, ya kuma faɗa da bakinsa cewa shi ya sace ta zuwa wata duniya, ya yi amfani da na'urorin ubansa ya juya mata tunani. A gaban Avengers ya faɗi wannan. Me suka yi? Sun tsaya suna kallo ta bi shi ta tafi, kamar masu rakiyar amarya. Tun tana da cikin ma, tana cikin firgici, su murna suke yi. A nan ba jarumi ɗaya ba ne mai aibi. Waɗanda suka rubuta labarin ne ba su ga abin da suka aikata ba, a wurinsu soyayya ce.

Na koma wurin mutumin, ya ce ai shi bango yake dubawa, in ya ga kala-kala ya san na yara ne. Kuɗina ma bai dawo ba.

Amma ga inda zancen ya zo daidai da tambayarki. A 1981 Chris Claremont ya rubuta Avengers Annual na 10. Ya dawo da Carol, wata mai suna Rogue ta riga ta ƙwace mata ƙarfi, ta tsaya gaban abokan nata ta wanke su tas: kun ji abin da ya ce, kun bar ni na tafi da shi. Suka rasa bakin magana, suka fita jiki a sanyaye. Ban san wani wuri da kamfani ya bari aka kunyata manyan jarumansa haka a kan mace ba. Sai dai wannan na manya ne, ki fara karantawa da kanki.

Maman Ilham: Innalillahi. Na gode Malam, Allah Ya saka.

Ɗan Autan Zaure: Malam kai ma ka sayi littafi a dami kamar alayyahu 🤣

Malam Bala: Yaro, ka bari ka fara biyan kuɗin makaranta tukuna.

Usman Injiniya: Ba wanda ya ambaci Hank Pym? Avengers 213, shi ma 1981. Ya mari matarsa Janet, aka kore shi daga ƙungiya, ta rabu da shi, ba a daɗe ba ta zama shugabar Avengers. Sama da shekara arba'in ke nan abin yana bin sa, duk marubucin da ya ɗauke shi sai ya taɓo zancen.

Sadiq DC: Ba don marin aka kore shi ba fa. Mutum-mutumi ya ƙera ya kai wa ƙungiyar hari ranar da ake masa shari'a, don ya fito ya cece su a yafe masa. Janet ɗin ce ma ta kashe na'urar.

Usman Injiniya: Kuma Jim Shooter da ya rubuta ya ce a 2011 shi ba duka da gangan ya nufa ba, mai zane ne ya zana shi haka.

Hauwa'u: Kullum sai an kawo wannan uzurin. Ko me ya nufa, abin da aka buga aka sayar shi mutane suka karanta. Ni abin da ya fi ci min rai shi ne Reed Richards. Ku koma Fantastic Four na shekarun 1960 ku ga yadda yake yi wa matarsa Sue magana, kamar ƙaramar yarinya, ita kuma kullum ita ake sacewa. Ta yi aure, ta haihu, ana ce mata Invisible Girl har 1985 kafin John Byrne ya mayar da ita Invisible Woman. A labarin da ya kai ga sauyin sunan ma Reed ya mare ta, wai don ya fitar da ita daga sihirin da aka yi mata. Shi ba wanda ya riƙe masa. Pym ƙaramin jarumi ne, an jibga masa laifin kowa. Reed uban gida ne, sai a ce ai haziƙi ne, hankalinsa na kan bincike.

Usman Injiniya: Zamanin ne haka.

Hauwa'u: Na yarda. To wanda ya rubuta shi yau ya nuna mana zamanin ya wuce.

Zainab K: DC ma kar su yi baki. Wonder Woman sakatariya aka ba ta a ƙungiyar jarumai ta Justice Society a 1942, maza su tafi yaƙi ita tana gida da biro.

Sadiq DC: An taɓo mu kenan 🙄 Malam ya gama tona asirin Marvel yanzun nan, ba ki ce komai ba.

Zainab K: Anti ni dai ki saya masa sabuwar Ms. Marvel, ta Kamala Khan, 2014. Yarinya ce Musulma a Jersey City, ba abin da zai sa ki ɓoye littafin.

Usman Injiniya: Littafi ne mai kyau, amma ba shi ta tambaya ba.

Ɗan Autan Zaure: Sokka na Avatar fa? Ya raina mayaƙan Kyoshi don mata ne, shugabarsu Suki ta kayar da shi, ya dawo ya durƙusa ya ce ta koya masa. Da Netflix suka sake yi a 2024 sai suka rage wannan halin, sai ya zama ba abin da ya koya.

Hauwa'u: Yau Auta ya yi magana mai ma'ana. A rubuta ranar.

Sadiq DC: Wannan katun ne na talabijin, littafi ake magana.

Ɗan Autan Zaure: Akwai littattafansa ai.

Sadiq DC: Mafi yawansu bayan an gama katun ɗin suka fito, kuma ba jarumi mai alkyabba ba ne.

Malam Bala: Wai akwai mai son sauran damin nan? Na cire na 200 ɗin. Rabin kuɗi.

Usman Injiniya: Malam na 200 ɗin nake so, nawa ne?