Zauren 'yan uwa na Bronx a birnin Niyok (New York): ta ina ake fara neman gidan gwamnati da tallafin haya?

Maman Hanifa: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema, don abin ya fara fin ƙarfinmu. Mu biyar ne a gida mai ɗakin kwana ɗaya, ni da Baban Hanifa da yara uku. Tun da motarsa ta lalace aiki ya ja baya, yau wata biyu ke nan ba mu biya haya ba, ga shi mai gidan hayar ya aiko da takarda. Wasu na ce mini in nemi Section 8, wasu su ce gidan gwamnati. Ni ko bambancinsu ban sani ba.

Hajiya Babba: Wa'alaikumus salam. Allah ya kawo sauƙi, 'yata. Takardar daga kotu take ko daga hannunsa?

Maman Hanifa: Daga hannunsa, Hajiya. Wai mu biya cikin kwana 14.

Baban Yusra: To alhamdu lillahi, da sauran lokaci. Maman Hanifa, magana biyu kika haɗa, bari mu raba su. Akwai wutar da ke ci yanzu, wato bashin wata biyu, akwai kuma neman gida mai sauƙi, wanda aikin shekaru ne. Section 8 da gidan gwamnati ba za su kashe wutar yau ba.

Takardar kwana 14 ba kora ba ce. A Niyok mai gida ba shi da ikon canza makulli ko fitar da kayanku, sai ya je kotun gidaje, alƙali ya yanke hukunci. Idan takardar kotu ta zo, kada ku ajiye ta a ƙarƙashin katifa, ku je ku amsa. Kotun Bronx tana kan Grand Concourse, kuma tun 2017 akwai dokar birni da ta tanadi lauya kyauta ga masu ƙaramin ƙarfi da ake neman fitarwa. Amma kafin a kai nan, ki sauke ACCESS HRA, manhajar hukumar tallafi ta birni, a wayarki, ki nemi abin da ake kira One Shot Deal. Taimakon gaggawa ne na biyan bashin haya. Za su so su ga dalilin da ya sa kuka faɗa bashi, da shaidar cewa nan gaba za ku iya biya da kanku. Takardar gyaran motar nan ki adana ta. Wani lokaci ana cewa a mayar da kuɗin a hankali, ki sani tun yanzu.

'Yar Kumasi: Ki ƙara da Homebase. Aikinsu ke nan, hana mutane faɗawa gidan marasa matsuguni. Ki kira 311, layin taimako na birni, ki faɗi lambar unguwarku, za su gaya miki ofishin da ke kula da ku. Su ne suka duba wa ƙanwata ko ta cancanci CityFHEPS, tallafin haya na birni, ba na tarayya ba. Yana da sharuɗɗa, ba kowa ke shiga ba, amma su suka san wanda ya dace da wa. Idan kina karɓar tallafin kuɗi na gwamnati kuma kina da yara, akwai FHEPS ma.

Alhaji Mai Tasi: Ni dai ina da ja. Shekara 26 ina garin nan ban taɓa miƙa hannu ga gwamnati ba. Mu haɗa mata a masallaci ranar Juma'a, a rufa asiri. Waɗannan abubuwan suna dawowa kan mutum ranar da yake neman takardun zama.

Hajiya Babba: Alhaji, a haɗa ɗin, Allah ya ba da lada, ni ce ta farko. Amma gudummawar Juma'a wata ɗaya take biya, haya kuwa kowane wata take zuwa. Kuma wannan ba bara ba ce. Mijinta yana biyan haraji kamar yadda kake biya.

Ɗan Damagaram: Maganar takardu da Alhaji ya tayar tana da muhimmanci, kada mu wuce ta. Gidan NYCHA, wato hukumar gidajen gwamnati ta birni, da Section 8 kuɗin tarayya ne, dole a samu aƙalla mutum ɗaya a gidan da yake ɗan ƙasa ko mai irin izinin zaman da suka yarda da shi. Yaron da aka haifa a nan yana cika wannan sharaɗi. Yadda aka saba, idan wasu a gidan ba su da izinin, ana rage tallafin ne gwargwadon yawan waɗanda suka cancanta. To amma wannan fage ne da gwamnatin tarayya ke yawan taɓawa. Duk wanda maganar zamansa ke gaban hukuma ya ga lauyan shige da fice kafin ya sa hannu a komai. Lauya na gaske nake nufi, ba mai cike takardu a bayan shago ba.

Maman Hanifa: Mu duka biyun muna da katin zama, yaran kuma a nan aka haife su.

Baban Yusra: Madalla. Sai mu koma ga dogon zango.

Gidan gwamnati shi ne na hukumar NYCHA, gine-ginen nata ne, ita ce mai gidanki. Haya kashi 30 cikin ɗari ne na abin da gidan ke samu bayan an cire abin da doka ta yarda a cire, don haka ranar da samu ya ragu, kika sanar, haya ma tana raguwa. Wannan ne babban amfaninsa ga irinmu da aikinmu yau akwai gobe babu. Ana nema ta intanet a shafinsu, kyauta, kuma ranar cikewa ba a tambayar takardu, sai an kira ki hira. Za ki zaɓi gundumomi biyu cikin biyar na birni. Abin da ke kayar da mutanenmu shi ne buƙatar tana mutuwa bayan shekara biyu idan ba a sabunta ba. Ki sa ranar a waya, ki rubuta a bangon kicin.

Section 8 kuwa takarda ce, boca, da za ki je ki nemi gida wurin mai gida na kasuwa, ki biya kusan kashi 30, hukuma ta cika sauran. Ita kowa ke so, amma layin NYCHA ya kasance a rufe tun Disambar 2009, sai a Yunin 2024 aka buɗe na mako ɗaya, daga 3 zuwa 9 ga wata. Sama da gidaje 630,000 suka nema, aka zaɓi 200,000 da ƙuri'a. Su ma layi suka shiga, ba gida aka ba su ba.

'Yar Kumasi: Saboda haka duk wanda ya ce ki kawo dala 500 ya sa sunanki a Section 8, ɓarawo ne, ko da yarenmu yake magana. An ci kuɗin maƙwabciyata haka, kuma ɗan gida ne ya ci. Har yau idan na tuna raina na ɓaci, kuɗin kitson wata guda ne ta tara.

Malam Ɗan Zango: Ni tawa asarar da hannuna na yi ta. Na nemi gidan gwamnati, bayan shekara uku muka tashi daga Highbridge zuwa Tremont, ban canza adireshi a shafin ba. Wasiƙar hira ta je tsohon gida. Kafin in ji labari wa'adi ya wuce, sai sabon layi. Duk wanda ya tashi, ranar da ya ɗauki katifa ranar zai gyara adireshi, da lambar waya, da imel. Kuma a yi amfani da imel ɗin da ake buɗewa, ba wanda yaro ya buɗe maka ka manta kalmar sirri ba.

Maman Hanifa: Allah sarki Malam. Ina da tambaya, amma ina jin nauyi. Baban Hanifa Uber yake yi, ni kuma ina kitso a gida, a hannu ake ba ni. Kuma ina cikin adashe. Shi ma sai na faɗa?

Hajiya Babba: Ki faɗa, 'yata. Gara ki faɗa da bakinki da su gano. Suna duba takardun banki, suna duba harajin da kuka cike, kuma bayan an ba ku gida duk shekara ana sake lissafi. Ki sayi ɗan littafi ki riƙa rubuta kitson da kika yi da abin da aka ba ki. Adashe kuwa su ba su san shi ba, abin da za su gani dala 4,000 ta faɗo asusunki rana ɗaya. Ki roƙi uwar adashe ta rubuta miki takarda cewa zubinki ne ya dawo hannunki, da ranakun zubi. Ni haka na yi, ma'aikaciyar ta karanta ta sa a fayil.

Ɗan Damagaram: Kuma abin da muke aikawa gida ba a cire shi daga lissafi. Ko rabin albashinka kake tura wa tsohuwa a Zinder, su cikakken albashin suke gani. Na so a ce ba haka ba ne, don wannan nauyi ne na gaske a wuyan kowannenmu.

Hajiya Babba: Tun da an zo nan, bari in faɗi wadda ta fi yi mana ciwo, maganar baƙo. Mu ba mu iya cewa ɗan uwa ya sauka daga jirgi ya kwana a waje ba. To amma gidan tallafi sunayen da ke kan takarda su ne mazauna gidan. Baƙon kwana biyu daban, wanda ya zo ya zauna wata shida daban, wannan sai an nemi izini a rubuce. Na ga iyali sun shiga tashin hankali a kan ɗan wan miji da suka sauke saboda Allah. Idan an yi haihuwa ko aure, a sanar. Sannan masu zuwa gida su daɗe: dokar Section 8 ba ta yarda iyali su bar gidan fiye da kwana 180 a jere ba, hukumar da ta ba ka ma tana iya sa ƙasa da haka. Kafin ka sayi tikitin Akara ko Yamai, ka tambaya.

Alhaji Mai Tasi: To ko an samu bocar, masu gidaje suna karɓa? Fasinjojina kullum kuka suke.

Baban Yusra: Wasu na ƙi, Alhaji, amma ƙin ya saɓa doka. Tun 2008 birni ya hana a ƙi mutum saboda da tallafi zai biya, jiha ma ta bi a 2019. Idan dillali ya ce ba sa karɓa, a sa ya rubuto a saƙon waya, a ɗauki hoton saƙon, a kira 311 a nemi hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta birni. Bocar tana da wa'adi a jikinta, kuma sai an zo an duba gidan kafin hukuma ta fara biya, don haka ranar da ta zo hannu ranar ake fara yawo. Kuɗin ajiya bai wuce hayar wata ɗaya ba, kuɗin binciken mai nema bai wuce dala 20 ba.

'Yar Kumasi: Kada a manta Housing Connect, shafin intanet na birni. Sababbin gine-ginen nan da kuke gani suna tashi, akwai ɗakunan da aka ware ake rabawa da ƙuri'a. Ki buɗe asusu sau ɗaya, duk ginin da samunku ya yi daidai da shi ki danna. Ni na danna sama da talatin kafin a kira ni. Ki lura da mafi ƙarancin samun da suka rubuta, don yawancinsu sun fi ƙarfin mai ƙaramin albashi.

Malam Ɗan Zango: Hajiya Babba, ke ma akwai naki. Wanda ya kai shekara 62, yana gidan da doka ke ƙayyade hayarsa, samun gidan a shekara bai wuce iyakar da doka ta sa ba, kuma haya na cin fiye da kashi ɗaya cikin uku, shirin dattawa da ake kira SCRIE na tsayar masa da haya inda take.

Hajiya Babba: Ina ciki shekara huɗu ke nan, Malam. A gaya wa sauran dattawan masallaci.

Maman Hanifa: Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Turancina ne ba ƙarfi, ina tsoron in je in kasa bayani.

Ɗan Damagaram: Ki nemi tafinta, haƙƙinki ne, ba a biya. Ki ce Hausa tun a bakin tebur, ta waya suke haɗawa. Masu Faransanci kuwa nasu ya fi sauƙi, har takardu akwai.

Alhaji Mai Tasi: To na ji. Maganar Juma'a tana nan, zan yi wa liman magana yau bayan isha'i. Baban Hanifa kuma ya kira ni, akwai bakanike a titin Jerome da ke yi mini sauƙi.

'Yar Kumasi: Maman Hanifa, Litinin ba ni da aiki, zan raka ki Homebase. Ki haɗa takardar haya, takardar kwana 14 ɗin, katunan zamanku, takardun haihuwar yara, harajin bara, da bayanin Uber na watannin nan. Na NYCHA kuma mu cike a wayata muna zaune a layi.

Hajiya Babba: Ki kawo mini ƙaramin in riƙe, kada ya hana ku sauraro.

Maman Hanifa: To Hajiya, Allah ya saka. Yaya, ƙarfe takwas da rabi a bakin masallaci, bayan na kai manyan makaranta.