Musayar Waƙa: Autar Manomin Auduga

Baban Khalifa:
Salamu alaikum. Yau a kan Ruth Simmons, Ba'amurkiyar da ta shugabanci jami'o'i, na jefa baiti, mai iyawa ya cafe.

Da sunan Allah nake farawa,
Kan 'yar auta da ta kere tsara.
A Grapeland ta Texas aka haife ta,
A 1945, cikin fatara.
Su goma sha biyu gun iyaye,
Abinci kansa sai an yi dabara.
Uba na noman gonar wani,
In an raba, shi ke da asara.
Suka koma Houston tana ƙarama,
Can ta riƙe biro da basira.

Malama Uwar Ɗalibai:
Yaya, ka tsaya a bakin ƙofa,
Bari ni in yi maka ƙarasawa.
Jami'ar Dillard da ke New Orleans,
Ta baƙar fata ce tun kafawa.
A 1967 ta gama can,
Sai Harvard ta yi mata buɗewa.
A 1973 ta zama dakta,
Harshe da adabi take ta tonawa.

Ɗan Kasuwa:
Hajiya, a gafarce ni da tambaya,
'Yar talaka da karatun Faransanci?
Da likita ta zama ko lauya,
Da tuni gida ya rabu da ƙunci.
Waƙar Bature ba ta cika tumbi,
Ba ta sayen ko mudun abinci.

Malama Uwar Ɗalibai:
Ƙanena, ka yi saurin hukunci,
Ba Bature ta bi ba a nazarinta.
Aimé Césaire ne, ɗan Martinik,
Baƙin mawaƙi mai fata irin tata.
Ta koyar da Faransancin a aji,
Princeton ma ta san aikinta.
Da Smith ta kira ta a 1995,
Kwalejin mata ta shiga hannunta.
Mai adabin nan da kake wa dariya
Ta buɗe injiniyanci don 'yan mata.

Tsohon Hedimasta:
'Ya'yana, duk kun bar babbar a baya. Ku yi haƙuri, tawa za ta ɗan yi tsawo.

Jami'o'i takwas ake ce wa Ivy,
Baƙar fata bai taɓa shugabanta ba.
Sai 2001 Brown ta naɗa ta,
Ba ta zauna cin daɗin kujera ba.
A 2003 ta kafa kwamiti,
Ya tono abin da ba a son ji ba.
Dangin Brown da aka ci sunansu,
Ba su tsira daga cinikin bayi ba.
Jirginsu Sally, a 1764,
Ya nufo Afirka, ba don ziyara ba.
Mutum 196 suka ɗauka,
Aƙalla 109 ba su rayu ba.
Rahoto ya fito a 2006,
Ba a rufe shi cikin akwati ba.
Wanda aka ba shi makullin gida,
Ba kowa ke ɗaga tabarma ba.

Ɗan Kasuwa:
Baba, na janye rabin maganata,
Rabin kuwa na bar shi a aljihu.
Ta bar Brown a shekarar 2012,
Na ce ta gama, ta samu hutu.
Sai ga ta Prairie View a 2017,
Ta koma Texas riƙon makarantu.

Malama Uwar Ɗalibai:
Makaranta ɗaya ce, ƙanena, ka ƙara mata don amsa-amo ya zauna! Kuma aljihu da hutu ba su haɗu ba. Sake ɗinka baitin, muna jira.