"Bakin da Allah ya tsaga ba ya hana shi abinci": gaskiya ce ko lallashi?

Mai Neman Amsa:
Salama 'yan'uwa. Ba don gardama na kawo karin maganar nan ba, abin ne yake cina a rai. Wata bakwai ke nan da aka sallame mu daga aiki, mu da yawa, a rana ɗaya. Ina da mata da yara uku, ɗan abin da muka tara kuwa ya ƙare tun a wata na huɗu. Ranar Lahadi bayan an tashi sujada na cire kunya na faɗa wa wani dattijo halin da muke ciki, mutumin da kowa ya san Allah ya buɗa masa. Ya dafa kafaɗata ya ce, "Kada ka damu ɗana, bakin da Allah ya tsaga ba ya hana shi abinci." Daga nan ya shiga motarsa ya tafi.

Na sha faɗin maganar nan da bakina, ban taɓa jin nauyinta ba sai ranar. Shin ta yi daidai da Littafi Mai Tsarki? In ta yi daidai, me ya sa ƙaramar 'yata ta kwanta jiya tana kukan yunwa?

Ɗan Mawaƙa:
Sannu Yaya, Ubangiji ya kawo mafita. Ni a ganina maganar daidai take, domin kusan ita ce a Matiyu 6:26, inda Yesu ya ce a dubi tsuntsaye, ba sa shuka, ba sa girbi, ba sa tarawa a rumbu, amma Uba na sama yana ciyar da su. Sai dai tsuntsu ba ya wuni a sheƙa, da asuba yake fita. Ai Littafi ma ya ce tashi in taimake ka. Ka ƙara ƙoƙari, mai nema yana tare da samu.

Tsohon Malami:
Ɗana, dakata kaɗan. "Allah ya ce tashi in taimake ka" ba aya ba ce. Ka bi daga Farawa har Ru'ya ta Yohanna, ba za ka same ta ba. Karin magana ce, mai kyau kuwa, amma kada mu sa wa Allah magana a baki. Abin da ya fi kusa da ita shi ne 2 Tasalonikawa 3:10, can ma Bulus ya yi magana ne a kan wanda ya ƙi yin aiki. Wanda ya ƙi daban, wanda ya nema ya rasa daban. Mutumin da ya yi wata bakwai yana yawon neman aiki ba shi ake cewa ya tashi ba, ai a tsaye yake.

Game da wadda aka tambaya, ku lura ana faɗinta iri biyu. Wasu su ce "ba ya rasa abinci", wasu su ce "ba ya hana shi abinci". Ta farko magana ce a kan bakin, tana cewa ba zai taɓa kwana da yunwa ba, wannan kuwa ido ma ya ƙaryata shi. Ta biyu magana ce a kan Allah da halinsa, cewa wanda ya yi bakin ba marowaci ba ne, bai halicce ka don ya yi wasa da kai ba. Ni ta biyun nake riƙe da ita.

Ɗan Mawaƙa:
Na gode Baba, wallahi tun ina yaro na ɗauka aya ce. Yaya, ka yafe mini in maganata ta yi zafi.

Uwar Marayu:
Ɗana mai tambaya, na karanta abin da ka rubuta sau biyu, sai da na share hawaye. Bari in ba ka nawa.

Lokacin da maigidana ya rasu ya bar ni da yara huɗu, na ƙarshen yana goye. Akwai daren da na ɗora tukunya da ruwa zalla don yaran su ga wuta su yi tsammanin ana girki, har barci ya kwashe su. A daren na faɗi karin maganar nan, amma ba wa kowa na faɗa ba, Allah na faɗa wa. Na ce, Ubangiji, kai ka tsaga bakunan nan guda huɗu, ba ni ba ce, ka zo ka ga abinka. Karatuna bai yi ƙarfi ba a lokacin, babban ɗana ne yake karanta mini. Kusan kowane dare sai na sa shi ya buɗe 1 Sarakuna sura 17, labarin gwauruwar Zarefat, wadda annabi Iliya ya tarar tana tsintar 'yan itatuwa biyu, ba abin da ya rage mata sai gari cikin tafin hannu da ɗan mai a tulu, tana shirin ta yi na ƙarshe ita da ɗanta su ci su mutu. Ba wai labarin ya cika mana ciki ba ne. Abin da ya yi mini shi ne, na ga ashe Allah ya san irina, har ya sa aka rubuta labarin mace kamata a cikin Littafinsa. Ban ƙara jin kamar ni kaɗai aka manta a duniya ba.

Ba kuma hankaka ne ya kawo mana abinci ba, kamar yadda hankaki suka kawo wa Iliya a farkon surar. Wata mata ce a ikkilisiyarmu, wadda ita ma ba wani hali gare ta ba, ta lura yarana sun rame. Ba ta tambaye ni komai ba, ba ta yi mini wa'azi ba, sai dai in ga ƙullin hatsi a bakin ƙofa. Ta yi haka har na samu abin yi.

Don haka ni dai na yarda da karin maganar. Amma ta danganta da bakin da ta fito. In mai yunwa ya faɗe ta, addu'a ce. In mai ƙoshi ya faɗa wa mai yunwa alhali hannunsa yana aljihu bai fito da komai ba, to ya mai da sunan Allah ƙofar gudu. Yakubu 2:15-16 ya riga ya yi maganar irin wannan mutumin, wanda zai ga ɗan'uwa ba sutura ba abinci, ya ce masa ya sauka lafiya, ya ji ɗumi, ya ƙoshi, bai ba shi komai ba. Yakubu ya tambaya, ina amfanin wannan?

Mai Shiru:
Mama, ban ƙi taki ba, amma a yi wa dattijon nan adalci tunda ba ya nan. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mota ba ita ce shaidar akwai ba, wataƙila bashi ya yi masa katutu, wataƙila mutum goma sun riga sun tare shi a ranar. Wataƙila kuma kunya ce ta hana shi miƙa wani abu a gaban jama'a. Kada mu yanke masa hukunci daga jin gefe ɗaya.

Mai Jinya:
Ku gafarce ni iyayena, ni zan ɗan saɓa muku, da nauyin zuciya kuwa nake yi. Aikina jinyar yara ne. Na riƙe yaran da yunwa ta cinye har ba su da ƙarfin yin kuka, iyayensu mata suna gefen gado suna addu'a da sunan Yesu, wasu sun tashi, wasu ba su tashi ba. Waɗannan bakunan ma Allah ne ya tsaga su. Ba zan iya tsayawa a gaban irin wannan uwa in faɗi karin maganar nan ba, ko ta farkon ko ta biyun. Harshena ba zai juya ba.

Labarin Zarefat ɗin ma, Yesu da kansa ya ƙara masa wani abu a Luka 4:25-26. Ya ce akwai gwauraye da yawa a Isra'ila a zamanin Iliya, lokacin da aka yi shekara uku da wata shida ba ruwan sama, amma wurin ɗaya tak aka aike shi. Sauran fa? Su nake tunawa idan ina bakin aiki. Li'azaru na Luka 16 ma a ƙofar mai arziki ya mutu yana marmarin abin da ke faɗowa daga tebur, shi ne kuwa mala'iku suka ɗauka.

Ɗan Mawaƙa:
Amma Yaya, Zabura 37:25 fa? Dawuda ya ce ya yi ƙuruciya ya tsufa, bai taɓa ganin an yashe mai adalci ba, ko 'ya'yansa suna bara. In muka ce mai bi zai iya mutuwa da yunwa, ba mu ƙaryata ayar ba?

Tsohon Malami:
Tambayar tana da kyau, kuma 'yata mai jinya ba ta faɗi abin da ya saɓa wa Littafi ba. Ayar da ka kawo shaidar tsoho ce a kan abin da idonsa ya gani, gaskiya ce kuwa. Karanta ta gaba da ita, ta 26, za ka ga mai adalcin nan kullum yana bayarwa yana ba da rance. Wato a inda ake da irin waɗannan mutane, yara ba sa bara. Sannan littafin da ya ɗauki Zabura 37 shi ne ya ɗauki Zabura 88, wadda ta fara da kiran Allah Mai Ceto, ta ƙare a kan duhu, ba ko kalma ɗaya ta samun sauƙi. Waɗanda suka tattara zabura 150 ba su cire ta ba, sun bar ta a matsayin waƙar sujada.

Bulus ma bai ɓoye ba. A 2 Korintiyawa 11:27 ya lissafa yunwa da ƙishirwa da sanyi da rashin sutura cikin abubuwan da ya sha. A Romawa 8:35 kuma, da yake jera abubuwan da ba za su raba mu da ƙaunar Almasihu ba, yunwa tana cikin jerin, tare da tsanani da takobi. Da ba ta samun masu bi, da bai sa ta a ciki ba. Bai ce ba za ta zo ba, ya ce ba za ta raba ba.

A nan ne nake ganin Littafi ya fi karin magana zurfi. Karin magana gajeriya ce, fuska ɗaya take nunawa, shi ya sa take da daɗin riƙewa. Littafi kuwa ya ba mai wahala bakin yin kuka, ya ba shi kalmomin da zai kai ƙara wurin Allah ba tare da ya yi saɓo ba. Habakuk ya rufe littafinsa da cewa ko ɓaure bai yi toho ba, ko gonaki ba su ba da komai ba, ko garke ya ƙare, zai yi murna da Ubangiji. Mutumin da bai san fari ba ba zai rubuta haka ba.

Ga wani abu kuma da ya daɗe yana taɓa ni. A Fitowa 16, da aka ba Isra'ilawa manna a jeji, an ce wanda ya tara da yawa bai yi saura ba, wanda ya tara kaɗan bai rasa ba. Bulus ya ɗauko wannan ayar a 2 Korintiyawa 8:15, ba don ya ce a jira abinci daga sama ba, sai don ya sa Korintiyawa su tara gudummawa domin matalautan masu bi na Urushalima. Ya ba su misali da ikkilisiyoyin Makidoniya, waɗanda suka bayar suna cikin tsananin talauci. Haka ma a Ayyukan Manzanni 11, da Agabus ya yi annabcin babbar yunwa, wadda ta auku a zamanin Kalaudiyas, masu bi na Antakiya ba karin magana suka aika Yahudiya ba, taimako suka aika ta hannun Barnaba da Shawulu, kowa gwargwadon ƙarfinsa. Yaran da kike jinya, 'yata, ba na iya cewa Allah ne ya hana su. Sau da yawa ya bayar, a hannun wani abin ya maƙale.

Mai Jinya:
Sau da yawa, Baba, na yarda. Amma ba kullum ba. Akwai inda kowa ya rasa, ba mai hannun da za a ce a nan ya maƙale. A irin wannan wurin ni dai shiru nake yi in riƙe hannun uwar. Abokan Ayuba sun zauna da shi kwana bakwai dare da rana ba wanda ya ce uffan, sai da suka fara bayani ne suka yi kuskuren da Allah ya tsawata musu a sura 42.

Tsohon Malami:
Ba ni da abin da zan ƙara a kan wannan. Kin fi ni kusa da wurin.

Mai Neman Amsa:
Na gode muku duka, iyayena da 'yan'uwana. Mai Shiru, na ji maganarka, na kuma roƙi Allah ya cire mini ɗacin dattijon nan, domin gaskiya ban san abin da ke cikin gidansa ba. Aiki dai har yanzu shiru. Amma na daina ɓoyewa, na je na sami faston mu na faɗa masa komai, abin da girman kai ya hana ni tun da farko.

Daren jiya na tara iyalina muka karanta 1 Sarakuna 17 kamar yadda Mama ta ce. Ban taɓa lura ba sai jiya cewa rafin Kerit, inda Allah da kansa ya aiki Iliya, inda hankaki suke kawo masa abinci safe da yamma, shi ma daga baya ya ƙafe. Babbar 'yata ta tsayar da ni a wurin ta ce, "Baba, Iliya ya yi laifi ne da ruwan ya ƙare?" Na ce mata a'a, ayar ta ce don ba a yi ruwan sama a ƙasar ba ne. Sai ta ce, "To kai ma ba ka yi laifi ba ke nan." Na kasa ci gaba da karatun, mahaifiyarsu ce ta karɓa ta ƙarasa.

Uwar Marayu:
Allah ya yi wa yarinyar nan albarka. Ɗana, ka gaishe mini da maiɗakinka, ka ce mata ina sa ku a addu'a da sunan kowane yaro ko ban san sunayen ba. Yau da dare ku karanta Zabura 88 ɗin da Malam ya ambata, kada ku ji tsoronta, ni ma na sha yin kuka da ita. Ranar da kuka ji daga wurin fasto kuma ka dawo ka faɗa mana.