Wanda na koya wa alwala ne yau yake gyara mini salla

Alhaji Mai Walda, Jidda: Assalamu alaikum. Ina da ƙorafin da ya hana ni barci jiya, kuma ina so a gaya mini gaskiya ko da za ta yi mini ɗaci. Shekarata 19 ina aikin walda a Jidda. Akwai wani yaro ɗan ƙasar Filifin da muke aiki ƙarƙashin kafili ɗaya, wanda ya shekara biyu yana kallona ina ajiye ƙarfe in tafi masallaci, har Allah ya buɗe masa zuciya, na raka shi ofishin Jaliyat, wato ofishin wa'azi ga baƙi 'yan ƙasashen waje, ya karɓi kalmar shahada. Ni na koya masa alwala a bakin famfon da ke bayan shago, ni na riƙa biya masa Fatiha dare da rana har harshensa ya daina sarƙewa, kuma da kuɗina na saya masa harami na kai shi Umra. Jiya bayan La'asar muna saka takalma a ƙofar masallaci, sai ya dafa kafaɗata ya ce sakin hannun da nake yi a salla ya saɓa wa sunna, carbin da ke aljihuna kuma bidi'a ne, wai yana ji mini tsoro. Watansa biyar kacal a Musulunci. Abin da nake cewa shi ne, sababbin shiga addini sun fi kowa saurin yanke wa mutane hukunci, don haka bai kamata masu karantar da su su jefa su cikin mas'alolin saɓani ba tun ba su gama sanin farillai ba. Ta yaya tubabben jiya zai gyara wa wanda ya sauke Alƙur'ani tun yana ɗan shekara 13 salla?

Baban Hafsa: Allah ya ba da haƙuri, Alhaji. Wannan shi ne karambanin akuya, gai da kura. Ba laifin yaron ba ne, laifin waɗanda suka cika masa kai ne, kuma duk mun san su.

Maman Walid, Makka: Alhaji, ina girmama ka, kuma Allah ya saka maka da alheri kan wannan yaro, amma na kasa wuce kalmar da ka rufe maganarka da ita. Ni 'yar Kudancin Kaduna ce, na musulunta shekara 22 da suka wuce, na yi aikin Hajji sau uku, 'ya'yana biyu sun haddace Alƙur'ani a nan Makka, amma har yau idan aka zo kwatance a cikin matan unguwarmu sai a ce "gidan tubabbiyar nan". Lokacin da aka zo neman auren 'yata ta fari, wata gwaggon yaron ta tambaya a gabana, tana riƙe da kofin shayin da na zuba mata da hannuna, ko an tabbatar da asalin uwar yarinyar. Ina so wani ya faɗa mini shekara nawa mutum zai yi kafin a daina kiransa tubabbe a fara kiransa Musulmi.

Ɗalibi a Madina: Hajiya, ina tausaya miki, sai dai kalmar ba zagi ba ce a asalinta. Daga Larabci muka are ta, kuma ma'anar tuba ita ce komawa. Allah da kansa ya yi amfani da ita ga waɗanda suka bar shirka, domin a Suratut Tauba aya ta 11 ya ce idan suka tuba, suka tsai da salla, suka ba da zakka. Bai dace mu haramta kalmar da Alƙur'ani ya zo da ita ba don kawai wasu jahilai sun ɓata ta.

Maman Walid, Makka: Malam, ka karanta rabin ayar ka tsaya. Ƙarashenta cewa ya yi, to 'yan'uwanku ne a addini. Sunan da ayar ta ba mu ke nan bayan tubar. Kuma ban taɓa jin mai wa'azi ya hau mumbari ya ce tubabbe Umar ɗan Haɗɗabi ko tubabbe Halid ɗan Walid ba, alhali dukansu da girmansu suka shiga addinin.

Ɗalibi a Madina: Wannan ƙiyasi bai yi daidai ba, Hajiya, domin sahabbai suna da sunan da ya fi wannan daraja. Amma tunda an taɓo asalin maganar, dole in faɗi cewa yaron bai yi ƙarya ba a kan ƙabalu, wato kama hannu a salla. Hadisin ɗora hannun dama a kan na hagu yana cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik kansa, kuma gaskiya ba ta la'akari da shekarun wanda ya faɗe ta. Da Alhaji ya gode masa ma da ya fi.

Baba na Misfala: Yaro, a hankali. A nan Makka aka haife ni, kuma mahaifina da ƙafa ya zo daga ƙasar Hausa ta hanyar Sudan, ya ƙetare teku daga Sawakin. Tun kafin a kafa jami'arku ta Madina a 1961 ake da malamai a garin nan. Ka ambaci Muwaɗɗa ka yi shiru a kan Mudawwana, babban littafin fiƙihun Malikiyya, inda Ibnul Ƙasim ya ruwaito daga Malik cewa bai so a yi ƙabalu a sallar farilla ba, kuma a kan wannan riwaya mafi yawan Malikawan Afirka suka ginu ɗaruruwan shekaru. Sannan ka sani cewa a cikin Haramin nan da kake gani, a da wuraren tsayuwar liman huɗu ne a kewayen Ka'aba, na Hanafiyya, da Malikiyya, da Shafi'iyya, da Hambaliyya, kowace mazhaba da limaminta, sai bayan Sarki Abdul'aziz ya karɓi Makka a 1924 ne aka haɗa jama'a bayan liman ɗaya. Ban ce komawa wancan tsari alheri ne ba, haɗuwar ta fi kyau. Amma waɗanda suka yi sadalu, wato sakin hannu a salla, a gaban Ka'aba tsawon zamunna ba su jira ɗalibin aji biyu ya zo ya inganta musu salla ba.

Ɗalibi a Madina: Baba, Allah ya ƙara girma. Aji huɗu nake, kuma ban ce sallar kowa ta ɓaci ba. Na dai ce hadisi yana gaba da riwayar almajiri.

Baban Hafsa: Haka kuke cewa kullum a baki, amma tun da aka kafa Izala a Jos a 1978 ba abin da aka rage mana sai wannan rigimar, yanzu ga shi an kai ta har cikin 'yan Filifin.

Malamar Jinya, Riyad: Don Allah kada a mayar da zancen Izala da ɗariƙa, domin yaron nan bai san ko ɗaya daga cikinsu ba. Ina so in koma kan maganar Hajiya Maman Walid. A asibitin da nake aiki akwai 'yan Filifin da yawa, kuma waɗanda suka musulunta a cikinsu suna kiran kansu Balik Islam, wato waɗanda suka koma Musulunci, suna dogaro da hadisin da ya ce kowane jariri ana haihuwarsa ne a kan fiɗira, wato asalin halitta ta kaɗaita Allah. Ma'anar kusan ɗaya ce da ta tuba, amma bambancin shi ne su suka zaɓa wa kansu sunan kuma suna alfahari da shi, mu kuwa mu muke laƙaba wa mutum namu, mu ci gaba da kiransa da shi har jikokinsa. Larabawan nan ma "muslim jadid" suke cewa, kuma sabon abu ai yana tsufa. Kalmarmu ce ba ta tsufa.

Jikan Bamaguje, Yanbu: Yaya, kin faɗi abin da ke raina. Kakana Bamaguje ne daga ƙasar Katsina, ya musulunta a zamanin da Sardauna yake rangadin musuluntarwa a shekarun 1960, kuma Bahaushe ne gaba da baya, ba shi da wani harshe sai Hausa. Duk da haka ina makarantar allo idan muka yi faɗa da yara, abin da ake jifana da shi ke nan. Ni kam da za a bi ta tawa, da an cire kalmar nan daga bakinmu gaba ɗaya.

Baban Hafsa: To idan an cire ta me za a ce? Kowane abu yana da suna. A fiƙihu ma ai akwai mu'allafatu ƙulubuhum, wato waɗanda ake lallashin zukatansu a kan Musulunci, suna da kasonsu a cikin mutum takwas da ake ba zakka a aya ta 60 ta Suratut Tauba, kuma ba wanda ya ce an wulaƙanta su da aka ware su.

Jikan Bamaguje, Yanbu: An ware su ne don a ba su, Malam. Bayan yaƙin Hunaini raƙuma ɗari-ɗari Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya ba wasu daga cikinsu. Mu kuwa muna ware su ne don mu hana su 'ya'yanmu.

Alhaji Mai Walda, Jidda: Jama'a, ni ban zo don in ɓata wa Hajiya rai ba, kuma idan kalmar ta sosa mata rai ina neman afuwa, da ita na tashi na ji ana faɗa. Amma har yanzu ba wanda ya amsa tambayata. Shin daidai ne a koya wa mutumin da bai san sujadar ƙabli da ba'adi ba cewa carbi bidi'a ne? Lokacin da aka aiki Mu'azu ɗan Jabal zuwa Yaman, an umarce shi ya fara da kalmar shahada, idan sun karɓa sai salloli biyar, idan sun karɓa sai zakka. Ban ji an ce ya fara da inda za a ajiye hannu ba.

Ɗalibi a Madina: Alhaji, da wace hujja ka tabbatar cewa a aji aka koya masa? Mai yiwuwa a wayarsa ya gani. Sannan, da dukkan girmamawa, akwai abin da ya tsaya mini a maganarka ta farko, inda ka ce da kuɗinka ka saya masa harami. Allah ya hana mu ɓata sadakokinmu da gori a Suratul Baƙara aya ta 264. Kai shi Umra ba ya ba ka ikon rufe masa baki.

Baba na Misfala: Wannan rashin kunya ce. Mutumin da ya haife ka ya kawo kuka, kai kuma kana tuhumar niyyarsa. Ka tsaga zuciyarsa ne ka gani? Tambayar da Manzon Allah ya yi wa Usama ɗan Zaidu ke nan, lokacin da ya kashe wanda ya furta kalmar shahada a fagen yaƙi, kuma na tabbata kun karanta ta a aji huɗun.

Ɗalibi a Madina: Baba, ban tuhumi niyyarsa ba, na ja hankalinsa ne a kan lafazi, kamar yadda Hajiya ta yi, kuma ita ba wanda ya ce mata ta yi rashin kunya.

Maman Walid, Makka: Kada ka jingina da ni, Malam, domin kai ne ka fara kare kalmar. Alhaji, na karɓi uzurinka, kuma zan faɗa maka abin da na sani game da yaronka, tunda na taɓa tsayawa inda yake tsaye. A shekarata ta farko na taɓa ce wa uwar mijina sallarta ba ta yi ba saboda gefen gashinta ya fito, tsohuwar da ta fi shekara 50 tana salla. Ba raini ne ya sa ni ba. Na bar iyayena da 'yan'uwana saboda wannan addini, sai ya zama duk abin da aka koya mini ina riƙe shi da hannu biyu, ina ganin idan na saki ƙwaya ɗaya komai zai zube. Malama ɗaya gare ni, littafi ɗaya na sani, ban taɓa jin cewa malamai suna saɓani ba. Tsohuwar nan, Allah ya ji ƙanta, dariya kawai ta yi ta gyara ɗankwalinta ta ce in ci gaba da lura mata. Kai da kanka ka ce yaron ya ce yana ji maka tsoro. Wanda ya raina ka ba ya ji maka tsoro.

Baban Hafsa: Wannan labarin mata ne, Hajiya, ba ya zama hujja a kan abin da ake koya wa mutane a azuzuwan nan.

Malamar Jinya, Riyad: Kai kuma wace hujja ka kawo tun da aka fara, ban da karin maganar akuya? Ko sau ɗaya ka taɓa zama a ajin da kake zargi?

Shugaban Zaure: Assalamu alaikum. Maganar ta yi tsawo kuma ta fara fita daga ladabi, don haka zan taƙaita abin da aka cimma. Mafi rinjayen waɗanda suka yi magana sun yarda cewa an zalunci Alhaji, kuma Baba na Misfala, Allah ya ƙara masa lafiya, ya tabbatar da hujjoji na tarihi da na fiƙihu cewa sadalu shi ne abin da mafi yawan Malikawan Afirka suka tafi a kai, ba kuma wanda ya iya mayar masa da martani mai gamsarwa. An kuma fahimci cewa matsalar ba daga yaron take ba, daga masu ɗora wa sababbin shiga addini ra'ayin ɓangare ɗaya take, kuma muna kira ga 'ya'yanmu ɗalibai su riƙa sanin girman na gaba da su kafin su riƙa jawo ayoyi. Game da kalmar da 'yan'uwanmu mata suka yi ƙorafi a kanta, kalma ce da muka gada kuma Alhaji bai yi nufin cin fuska ba, amma tunda ya riga ya ba da haƙuri, wannan ya wuce. Ina ba Alhaji shawara ya nemo wa yaron malami Bamalike da zai ɗora masa Ahalari daga farko. Na rufe wannan magana, kuma duk wanda ya sake tayar da ita zan cire saƙonsa.