In bindiga biyu kawai za ka bari a akwati, waɗanne ne?

Baban Sadiq:
Assalamu alaikum. Akwatin ƙarfen da nake kulle bindigogina ya cika, kuma rabinsu aikina da su bai wuce in fito da su in shafa mai in mayar ba. Na yanke shawarar rage su ta hannun dila mai lasisi, in bar doguwa ɗaya da ƙarama ɗaya. To a nan ne zuciya da hankali suka raba gari.

Zuciya Lee-Enfield No. 4 take so, wadda aka buga wa 1943 a jiki, mai cin harsashin .303. Nauyinta ya kai kilo 4, katakon gindinta duk tabo ne, akwai ma wani rami kusa da inda kumatu ke sauka, da ido rufe sai in gane ta da shi. Amma ku ja sakatarta, wato ƙarfen da ke tura harsashi cikin bututu ya kulle, ku ji. Haƙoran da ke kulle ta a baya suke, tafiyarta gajera ce, sannan sai lokacin tura ta gaba take ɗana kanta, shi ya sa hannu ke gudu a kanta kamar an zuba mai. Harsashi 10 take ɗauka, zan iya ƙarar da su ban ɗaga kumatu daga katako ba. Matsalarta harsashin ne, yana wuyar samu. Kuma na taɓa yin wauta: na harba tsofaffin harsasan soja, na shafa mai kawai na ajiye. Bayan kwana huɗu na leƙa bututun, sai ga tsatsa ta yi ja kamar an barbaɗa. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Hankali kuwa cewa yake in riƙe CZ 452 mai cin ƙaramin harsashin .22. Ba ta da wani tarihi, ba ta dukan kafaɗa, amma a mita 50 harbi biyar nake yi in rufe ramukan da babban yatsa. Ita nake ɗauka kusan duk zuwana filin harbi.

A ƙananan kuma Browning Hi-Power ce da libarba Smith & Wesson Model 10. Hi-Power ɗin ta zauna mini a hannu kamar don ni aka ƙera ta, sai dai gudumarta na cizon fatar da ke tsakanin babban yatsa da manuni, har na yi kanta a wurin. Ku da kuka fi ni daɗewa, ya za ku yi?

Tsohon Maharbi:
Wa alaikumus salam. Ɗana, tsatsar nan ba laifin bindiga ba ne. Ƙyastun tsofaffin harsasan soja, wato abin da ke kunna albarushi a gindin harsashi, gishiri yake bari a cikin bututu, gishirin ya jawo danshi. Mai ba ya narkar da shi, ruwa ne ke yi. Ruwan zafi za ka zuba ta baya ya fita ta baki, ƙarfen ya bushe da zafinsa, sannan ka bi da mai, kuma a ranar da ka yi harbin, ba gobe ba. Ka kuma lura da yadda kake jera .303 a gidan harsashi, tunda yana da leɓe a gindi. In leɓen na sama ya faɗa bayan na ƙasa, sakata za ta cije.

Ni dai da Mauser 98 zan tsaya. Tun 1898 maƙerinta Paul Mauser ya gama magana. Ƙugiyarta na cafke harsashi tun yana fitowa daga gidansa, ba ta saki sai ta jefar da kwanson. Winchester Model 70 ta 1936 tsarin ta ɗauka, da suka sauya shi a 1964 kuwa maharba suka yi ta ƙorafi shekara da shekaru. Na yarda Enfield ta fi ta sauri, ta kuma ninka ta harsashi. Amma saurin me nake yi yanzu?

Umm Hanan:
Malam, ai ka ba kanka amsa ba ka lura ba. Ka ce CZ ɗin kake ɗauka kusan kullum. Ita ce taka, ɗayar kuma ta kallo ce da ba da labari.

Batun ƙarama, ni na gwada Hi-Power sau ɗaya na ajiye, kunamarta kamar akwai yashi a ciki. An ce mini na'urar da ke hana ta tashi in an zare gidan harsashi ce ke jawo haka. Glock 19 nake harbawa. Na san Baba zai ce roba ce, kuma ba ta da kyan gani, ban musa ba. Amma harsashi 15 take ɗauka, cikin minti ɗaya na kwance ta don wanki, kuma ba ta taɓa cizona ba.

Tsohon Maharbi:
'Yata, roba ce mana, amma ban raina ta ba. Kawai ki tuna kafin a kwance ta sai an ja kunama, don haka a zare gidan harsashi, a ja baya a leƙa ciki da ido, a kuma sa yatsa a taɓa. Kuma ki ba Hi-Power haƙƙinta: a 1935 ta fito da harsashi 13, lokacin Colt 1911 na ɗaukar 7. John Browning da ya fara tsara ta ya rasu a 1926 bai ga ƙarshenta ba, Dieudonné Saive ne ya kammala ta a kamfanin FN na Beljiyam.

Baban Sadiq:
Na gode Baba, ruwan zafin nan da na sani tun farko da bututuna bai yi ƙuraje ba. Hajiya kuma kin taka ni inda ke ciwo. Na duba littafin da nake rubuta harbina: bara sau biyu kacal na fita da Enfield, CZ kuwa na gaji da ƙirgawa.

Abin mamaki, ba wanda ya ce uffan a kan libarbar, alhali jiya da na jera su a tebur ita hannuna ya fara kaiwa. Harsashi 6 ne kawai na .38, shuɗin ƙarfenta ya koɗe a baki, amma kunamarta sumul take tun daga farko har ta saki, kuma da ita na fi samun tsakiyar allo a mita 15. Don haka Hi-Power za ta tafi, libarba ta zauna.

Doguwar ce har yanzu ban iya ba. Na ɗauko Enfield don in ɗauki hotonta in tura wa dilan, na ja sakatar sau ɗaya, sai na mayar da ita akwati. Baba, in bututu ya riga ya yi 'yan ƙuraje kusa da baki, saitin na ci gaba da lalacewa ne, ko in ana wanke shi yadda ka ce zai tsaya a haka?