Ɗan haya ya tashi ya bar mini kaya a ɗaki

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da ciki da falo a Kurna, nan Kano. Mai hayar ya tashi tun bayan ƙaramar sallah, wai aiki ya mai da shi Abuja, zai dawo ya kwashe sauran kaya. Wata biyar ke nan, wayarsa a kashe. Ta taga ina hango firji, katifa, keken ɗinkin matarsa da rabin buhun masara da ɓeraye suka mayar gidansu. Ina binsa kuɗin wata uku, ga wani ya zo da kuɗin shekara a hannu. Ƙanina ya ce in fasa kwaɗon in sayar da firjin in cire haƙƙina. Ya kuka gani?

Baban Sadiƙ: Alhaji, kada ka taɓa kwaɗon nan kai kaɗai. Maƙwabcina ya yi haka, mutumin ya dawo ya rantse akwai sarƙar gwal a ƙarƙashin katifa. Sai da aka kwana biyu ana zaryar caji ofis.

Wani lauya: Ya miƙa maka mukulli? In bai miƙa ba, a idon doka ɗakin yana hannunsa. Ka liƙa masa notis a ƙofa, ka ɗauki hoto, ka kai maganar kotu ta ba ka izinin buɗewa. Bashin ma can za ka nema. Sayar da firji da kanka, kai za ka koma wanda ake ƙara.

Malam daga Zariya: Wannan ba tsintuwa ba ce, tunda an san mai shi. Amana ce ta faɗo hannunka. In an buɗe, a yi gaban mai unguwa da shaidu biyu, a rubuta komai har cokali. Masarar da ke lalacewa a sayar a ajiye masa kuɗin, sauran a killace inda ruwa ba zai taɓa ba.

Maman Ilham: Ni dai keken nan ne ya tsaya mini a rai. Na matar ne fa, ba ita ta ci bashinka ba, wataƙila ma da shi take rufa wa kanta asiri. Ka nemi dillalin da ya kawo su, ba zai rasa sanin gidan iyayenta ba.

Mai tambaya: Wallahi Hajiya ban kawo dillalin a raina ba. Na kira shi yanzu, ya ce yayan matar yana da shago a Kantin Kwari, gobe da safe zai raka ni.